ƘARI A CIKIN ƘWAƘWALWA: INDA YAKE FAROWA DA YADDA YAKE SAKE KAMA

A shekara ta 2022, bisa ga ƙidayar cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, watau OMS, wadda take birnin Liyon na ƙasar Faransa, mutum wajen 320.000 ne aka samu da sabon ciwon kansa na ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya a duniya duka, kuma kusan 250.000 suka rasu da shi. In an gwada da kansar nono ko ta huhu, wannan adadi ba shi da yawa. Amma ciwo ne mai nauyi ƙwarai, domin ƙoƙon kai akwati ne na ƙashi wanda ba ya buɗawa. Duk abin da ya tsiro a cikinsa, ko da girmansa bai wuce ƙwan zabo ba, sai ya matse wurin da ke riƙe da gani, ko magana, ko tafiya, ko numfashi.

Duk gidan da likita ya shaida wa cewa ɗan'uwansu yana da ƙari a ƙwaƙwalwa, tambayoyin da ke biyowa iri ɗaya ne. Daga ina ya zo? Gado ne, har a ji tsoron neman aure a gidan? Ana ɗaukarsa daga wani? Don me kuma yake dawowa bayan an yi aiki an cire shi? Shekara ɗari da suka wuce babu likitan da ke iya amsa waɗannan tambayoyi. Yau kuwa an san cewa ƙarin yana farowa ne daga kuskuren rubutu a cikin ƙwaya guda ta jikin mai shi, sa'an nan zuriyar wannan ƙwaya ta yi ta yaɗuwa tana sake kama, har ya zama abin da aka cire a bara ba shi ne ya dawo a bana ba.

JIKI DA TUBALANSA

Kamar yadda ake gina soro da tubali, haka jikin ɗan Adam yake a gine da ƙananan ƙwayoyi masu rai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita da ake kira mikoroskop. A jikin baligi akwai su fiye da miliyar dubu 30. Dukansu daga ƙwaya guda suka fito, wadda ta samu a mahaifa lokacin da ciki ya shiga: ta rabu biyu, biyun suka zama huɗu, huɗun suka zama takwas, har aka sami mutum. Wani likitan Jamus mai suna Rudolf Virchow ne ya tsayar da wannan magana a 1855, ya ce babu ƙwayar da ke samuwa sai daga wata ƙwaya. In haka ne, ƙari ma ba baƙo ba ne da ya shigo daga waje, ɗan gida ne da ya bijire.

Ƙwaƙwalwar baligi nauyinta ya kusa kilo ɗaya da rabi. Tana da ƙwayoyin jijiya kimanin miliyar 86, su ne ke kai saƙo su kawo saƙo. Waɗannan kusan ba sa sake rabuwa bayan an haifi mutum, shi ya sa da wuya su zama ƙari. A gefensu akwai waɗansu ƙwayoyi, kusan daidai da su wajen yawa, masu yi musu hidima: su ciyar da su, su share musu wuri, su naɗe su kamar yadda ake naɗe wayar lantarki. Virchow ya ba su suna giliya, daga kalmar Girkanci mai nufin danƙo. Ƙarin da ke fitowa daga danginsu shi ake kira giliyom, mafi muni kuwa a cikin giliyom shi ne giliyobalastom.

Akwai kuma menanjiyom, wanda ke tsirowa daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, watau tantanin nan da ciwon sanƙarau ke kumburawa. Shi ya fi yawa ga manya, ya fi kama mata bisa ga maza, kuma galibinsa ba kansa ba ne, yana girma a hankali a wuri guda. Ga yara akwai medulobalastom, mai fitowa a ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya. Ban da waɗannan, kansar huhu ko ta nono takan jefa irinta ta hanyar jini har cikin kai. Wannan ya fi sauran yawa, amma asalinsa ba a ƙwaƙwalwa yake ba, labarinsa dabam ne.

LITTAFIN DA KE CIKIN KOWACE ƘWAYA

A 1914 wani masanin Jamus, Theodor Boveri, wanda ya daɗe yana duban ƙwan wata ƙaramar dabbar teku mai ƙayoyi, ya lura cewa in ƙwaya ta rabu ba daidai ba, har waɗansu ƴan sanduna da ke tsakiyarta suka yi yawa ko suka kasa, ƴaƴanta sukan fito a lalace. Sai ya ce watakila haka ƙari yake farowa, daga ƙwaya guda wadda sandunanta suka rikice. A zamaninsa ba a kula da maganar sosai ba. Sai a 1953 aka gano siffar zaren da aka yi sandunan da shi, wanda ake kira ADN, kuma a 1956 aka tabbatar cewa ɗan Adam yana da sanduna 46. Sunansu koromozom. Biyu-biyu suke, 23 daga uwa, 23 daga uba, kuma masana sun ba su lambobi.

Ana iya ɗaukar ADN kamar littafi mai kundi 46. Baƙaƙensa huɗu ne kawai, A da C da G da T, amma an jera su har wajen miliyar 3 a rabon uwa, haka kuma a rabon uba. A cikinsa akwai umurni kimanin 20.000, kowane yana gaya wa ƙwaya abin da za ta ƙera da lokacin da za ta ƙera shi. Kowane umurni ana kiransa jen. An gama karanta mafi yawan wannan littafi a 2003.

Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu, dole ta juye littafin duka, baƙi bayan baƙi, ta ba ɗiyarta. Wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci ya san abin da ɗan lanƙwasa guda ke yi: kaya dabam, ƙaya dabam. Ƙwaya tana da masu duba rubutu da ke bin bayan mai juyi suna gyara, suna kuwa kama kusan dukan kurakurai, amma jifa-jifa wani yakan kuɓuce. Mafi yawan waɗanda suka kuɓuce ba su da lahani, domin sun faɗa inda ba su sauya ma'ana ba. Masifa tana zuwa ne in kuskuren ya faɗa kan umurnin da ke tsara rabuwar ƙwayar kanta.

LINZAMI DA ƘAIMI

Umurnin da ke tsara rabuwa iri biyu ne. Waɗansu kamar ƙaimi suke, suna cewa a rabu. Waɗansu kamar linzami, suna cewa a tsaya. Ƙari yana samuwa in ƙaimi ya maƙale a cikin doki, linzami kuma ya tsinke.

Wani likitan yara na Amurka, Alfred Knudson, ya bayyana yadda linzami ke tsinkewa a 1971, bayan ya duba labarin mutum 48 masu wata kansar ido da ke kama yara. Tun da kowane umurni kwafi biyu ne, na uwa da na uba, in ɗaya ya lalace ɗayan yana riƙe da doki. Sai duka biyun sun lalace a cikin ƙwaya guda kafin ciwo ya tashi. Yaron da aka haifa da kwafi ɗaya a lalace a duk jikinsa, kuskure guda kawai ya rage masa, shi ya sa ciwon ke kama shi da wuri, sau da yawa a ido biyu. Wanda aka haifa da duka biyun lafiya, sai tsautsayi ya faɗa wa ƙwaya guda har sau biyu.

Mafi shahara cikin linzamai shi ne wanda ake kira p53, wanda aka gano a 1979, yana cikin kundi na 17. Aikinsa shi ne, in rubutu ya lalace, ya tsai da ƙwaya har a gyara, in kuwa ba ya gyaruwa ya umurce ta ta mutu. A 2008 wata ƙungiyar masana ta Amurka ta karanta ADN na giliyobalastom 206, ta tarar cewa a mafi yawansu hanyoyi uku ne suka lalace tare: hanyar ƙaimi mai karɓar saƙon girma, da hanyar p53, da hanyar linzamin nan na kansar ido. Watau kuskure guda bai isa ba, sai sun taru.

SHIN GADO NE?

Nan ne ake yawan rikicewa. Cewa ciwo yana cikin ADN ba ya nufin an gaje shi. A cikin masu ƙari a ƙwaƙwalwa 100, wajen 5 ne kawai aka haifa da wata cutar gado da ta share masa hanya. Ga sauran, kuskuren ya auku ne bayan an halicce su, a cikin ƙwaya guda da ke cikin kai. Ba ya cikin maniyyi, ba ya cikin ƙwan mace, don haka ba ya wucewa ga ƴaƴa.

Cututtukan gadon kuwa sanannu ne, kuma suna da alamu. Akwai wadda likitan Jamus von Recklinghausen ya bayyana a 1882, mai kama kamar mutum 1 cikin 3.000. Mai ita yakan fito da tabo-tabo masu duhu a fata tun yana yaro, daga baya ƙulli-ƙulli masu taushi su feso masa, waɗansu yaran kuma su sami ƙari a jijiyar gani. Kowane ɗa na mai ita yana iya gadonta ko ya tsira, rabi da rabi. Akwai wata mai kawo ƙari a jijiyar ji ta kunne biyu, wadda kuskurenta ke cikin kundi na 22. Akwai kuma wadda likitoci biyu, Li da Fraumeni, suka bayyana a 1969, inda dangi ke gadon p53 a lalace, sai kansa iri-iri ta yi ta kama su tun da ƙuruciya. Sa'an nan akwai wata mai wuyar samu ƙwarai, wadda yaro ke gadon lalacewar masu duba rubutu daga uwa da uba duka biyu. Ita ce ta fi fitowa a auren zumunta.

Saboda haka, gidan da mutum ɗaya ya yi ƙari a ƙwaƙwalwa bayan ya manyanta, ba gidan da za a guda ba ne. Gidan da ya kamata ya nemi shawarar likita shi ne wanda kansa ta kama mutum biyu ko uku na jini ɗaya tun suna ƙanana, ko wanda ake ganin alamun fatan nan a cikinsa.

ABIN DA KE KAWO KUSKUREN

Abu ɗaya ne daga waje aka tabbatar yana jawo ƙari a ƙwaƙwalwa, shi ne haske mai ratsa jiki, irin na rediyon likita, in ya yi yawa. Tsakanin 1948 da 1960, a ƙasar Isra'ila, an gasa wa yara fiye da 10.000 kai da wannan haske don maganin makero. Da aka bi sawunsu shekaru da yawa, binciken da aka buga a 1988 ya nuna menanjiyom da giliyom sun fi yawa a cikinsu bisa ga ƴan'uwansu da ba a gasa ba. Hasken da aka ba su ya ninka na hoto guda sau da yawa, don haka wannan ba dalilin ƙin yin hoton da likita ya rubuta ba ne.

Game da wayar salula, cibiyar Liyon ta sa ta a 2011 cikin abubuwan da ake tuhuma ba tare da tabbaci ba. A 2024 wani babban bita da OMS ta sa aka yi ya tattara binciken shekaru masu yawa, bai kuwa sami dangantaka tsakanin waya da kansar ƙwaƙwalwa ba. Ciwon ba ya bin iska, ba ya bin ƙwarya ko tabarma, mai jinya ba ya ɗauka. Abin da ya fi komi ƙara haɗarinsa shi ne shekaru, domin kurakurai taruwa suke yi: giliyobalastom ya fi kama waɗanda suka haura shekara 60.

KUSKUREN FARKO

A 2008 masana na Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimo a Amurka sun karanta umurni fiye da 20.000 a cikin giliyobalastom 22, suka ci karo da kuskuren da babu wanda ya zata, a cikin wani umurni mai suna IDH1, wanda aikinsa sarrafa abinci ne a cikin ƙwaya. Da suka ƙara duba waɗansu, suka same shi a kashi 12 cikin ɗari, galibi ga matasa. A shekarar da ta biyo aka tarar yana cikin fiye da kashi 70 cikin ɗari na giliyom masu girma a hankali. Kusan kullum wuri ɗaya yake faɗawa, kuma yana sa ƙwaya ta riƙa ƙera wani sinadari da ke taruwa ya hana ta sanin shafin da za ta buɗe da wanda za ta rufe. Sai ta kasa balaga, ta tsaya tana rabuwa.

Da haka aka gane cewa abin da mikoroskop ke nunawa iri ɗaya, a gaskiya ciwo biyu ne. Mai kuskuren IDH yana kama ƴan shekara 30 zuwa 40, yana tafiya a hankali, mai shi yakan yi shekaru da yawa. Wanda ba shi da shi yana kama dattawa, yana da sauri, kuma hanyarsa dabam ce: ƙwayar farko takan sami ƙarin kwafi na kundi na 7, ta yar da kwafi ɗaya na kundi na 10, kamar dai yadda Boveri ya zata. Daga baya wani kuskure ya kunna umurnin da ake kira TERT, wanda ke hana ƙwaya tsufa, sai ta yi ta rabuwa ba iyaka.

Tun yaushe ake wannan aiki a ɓoye? Masana na Haidelbag a Jamus sun ƙidaya kurakuran da suka taru a irin wannan ƙari, suka yi lissafin baya, suka buga a 2019 cewa ƙwayar farko takan ɓata tun shekara 2 zuwa 7 kafin a gano ciwon. Game da wurin kuma, masana na Koriya ta Kudu sun duba majinyata 28 a 2018. A bangon kogunan ruwa da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin iri, waɗanda ba su daina rabuwa ba. A fiye da rabin masu giliyobalastom marar kuskuren IDH da aka auna, an sami kurakuran farko a cikin waɗannan ƙwayoyin iri, nesa da inda ƙarin yake. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna irin waɗannan ƙwayoyi suna barin wurinsu su tafi wani sashe su kafa ƙari.

GANGA DA RASSA

A 1976 Peter Nowell na birnin Filadelfiya ya ce ƙari jama'a ce mai hayayyafa da gasa. Ƙwayar farko ta haifi zuriya, kowace ɗiya tana ɗauke da kurakuran uwarta, tana kuma ƙara nata. Wadda sabon kuskurenta ya sa ta fi sauri, ko ta fi jure ƙarancin jini, ita ce zuriyarta ke rinjaye. Da haka ƙari yake zama kamar itace: kurakuran farko su ne ganga, suna cikin kowace ƙwaya, na baya kuwa rassa ne, kowane reshe da nasa.

An ga wannan da ido. A 2013 masana na Kambirij a Ingila sun yanki ɓangarori dabam-dabam daga cikin ƙari guda, suka tarar rubutunsu ba ɗaya ba ne. A 2014 a Boston aka duba ƙwayoyi 430 ɗaya bayan ɗaya daga giliyobalastom 5, aka ga maƙwabta biyu a ƙari ɗaya suna aiki da umurni dabam-dabam.

Wannan shi ke bayyana dawowar ciwo. Da fari, giliyom ba shi da iyaka kamar ƙwallo a cikin tuwo. Ƙwayoyinsa suna bin jijiyoyi suna kutsawa cikin lafiyayyen nama, inda wuƙar likita ba ta isa. A 1928 Walter Dandy na Baltimo ya ba da labarin majinyatan da ya cire wa rabin ƙwaƙwalwa ɗungum, amma ko a cikin waɗanda suka tsira daga aikin ciwon ya dawo. Kowane manomi ya san sabara: a sassabe ta a bazara, kafin kaka ta toho daga saiwa. Na biyu, magani da kansa yana zaɓe. Yana kashe rassan da ba su iya jure shi, ya bar wa masu jurewa fili. Haka ya faru da nibakin, wanda ya yi shekaru yana maganin zazzaɓin sauro, har ƙwayoyin cutar da suka jure shi suka yawaita, aka bar shi aka koma waɗansu magunguna.

A 2014 masana na San Faransisko sun gwada ƙarin farko da wanda ya dawo a jikin majinyata 23. A kashi 43 cikin ɗari, rabin kurakuran ƙarin farko ko fiye ba a same su a na biyu ba, alamar cewa na biyun ya toho ne daga can ƙasan ganga. Kuskuren IDH kuwa yana nan a duka biyun. Cikin mutum 10 da suka sha maganin da ake kira temozolomid, 6 ƙarinsu ya dawo da tarin sababbin kurakurai masu ɗauke da tambarin maganin kansa. Wannan bai sa aka bar maganin ba, domin amfaninsa tabbatacce ne, amma ya sa likitoci suna auna wanda za a ba da lokacin da za a ba shi.

NA YARA DABAM NE

Yaro bai yi shekarun tara kurakurai ba, don haka ƙarinsa yakan kasance da kurakurai kaɗan, amma waɗanda suka faɗa kan ƙwaya tana tsakar gina ƙwaƙwalwa. Zaren ADN na ƙwaya guda ya kai mita 2 in an miƙe shi, kuma a naɗe yake a kan waɗansu ƴan dunƙule kamar zare a kan mazari. A 2012 masana na Montreyal a Kanada da na Memfis a Amurka sun gano cewa a mugun giliyom ɗin nan da ke kama yara a gindin ƙwaƙwalwa, mazarin ne ya sami kuskure, a kusan 8 cikin 10. A wannan shekara kuma masana suka amince cewa medulobalastom gida huɗu ne. Gida ɗaya, wanda ake kira WNT, fiye da yara 9 cikin 10 suna warkewa daga gare shi, har ana gwada rage musu gashi don kada a cuci ƙwaƙwalwa mai girma. Wani gidan kuwa yana da saurin bazuwa, yana bukatar magani mai ƙarfi.

SABON SUNA, SABON MAGANI

Tun 1926, da Percival Bailey da Harvey Cushing suka kasa giliyom gida-gida a Boston, siffar ƙwaya a mikoroskop ita ce ke ba ƙari suna. A 2016 OMS ta shigar da awon ADN cikin sharuɗɗan ba da suna, a 2021 kuma ta ƙarfafa shi: yanzu giliyom na manya mai kuskuren IDH ba a kiransa giliyobalastom, komi muninsa a ido. Wanda kuma ya haɗa kuskuren IDH da ɓacewar ɓangaren kundi na 1 da na 19, an san tun 1998 cewa irinsa ya fi jin magani.

Amfanin wannan sani ya fara bayyana. A 2005 Roger Stupp na Lozan a ƙasar Suwis ya jagoranci gwaji a kan majinyata 573, ya nuna cewa haɗa temozolomid da gashi ya ɗaga masu kai shekara biyu daga kashi 10 zuwa kashi 26 cikin ɗari, kuma waɗanda suka fi amfana su ne masu ƙarin da wani mai gyaran rubutu, MGMT, yake a rufe a cikinsa. A 2024 Amurka ta amince da vorasidenib, magani na kamfanin Servier na Faransa, wanda ke toshe IDH mai kuskure. A gwajin mutum 331, masu shan sa sun yi wajen wata 27 kafin ƙarin ya motsa, alhali marasa sha wata 11 suka yi. Ganga ya sara, shi ya sa ya yi tasiri. Magungunan da aka auna a kan rassan giliyobalastom kuwa ba su ba da abin da aka sa rai ba, domin in an sare reshe ɗaya wani ya maye gurbinsa, ga kuma shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa mai hana magunguna da yawa shiga. Har yanzu giliyobalastom ciwo ne da ake jinkirtawa, ba a kai ga warkar da shi ba.

ABIN DA YA KAMATA IYALI SU RIƘE

Mafi yawan ciwon kai ba ƙari ba ne. Amma akwai alamun da bai kamata a zauna da su a gida ba: ciwon kai sabo mai ƙaruwa mako bayan mako, musamman da asuba tare da amai; farfaɗiya da ta fara wa baligi wanda bai taɓa yi ba; mutuwar hannu ko ƙafa a gefe ɗaya a hankali; raguwar gani ko gani biyu-biyu; sarƙewar magana; sauyin hali har dangi su ce ba shi ba ne. Ga yaro kuma, tangaɗi wajen tafiya, da amai kowace safiya, da kumburin kai ga jariri. Waɗannan alamu suna iya zuwa daga cututtuka dabam-dabam, kuma sau da yawa akan ɗauke su aikin iska ko sammu, a yi watanni ana kewaye-kewaye. Hoton sikanar, wanda aka fara yi wa majinyaci a Landan a 1971, da hoton IRM, su ne ke raba gardama.

Zuwa da wuri yana da riba. Menanjiyom da yawa ana cire su mutum ya koma gonarsa ko aikinsa, haka kuma waɗansu ƙari na yara. Tun 2021 cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai take da na'urar gashi. In an yi aiki, ya kamata iyali su tabbatar an kai naman da aka cire wurin awo, su adana takardar sakamako da hotuna duka, su kuma koma ranar da likita ya sa ko da majinyaci ya ji sauƙi. Ƙarin da ke sake kama sai da bin sawu, kuma takardar farko ita ce ma'aunin da likita zai gwada duk abin da ya biyo baya.